Girman Idon Kyamara da Ingancin Hoto: Abin da Ya Kamata Manazarci Ya Auna

Gabatarwa

Kyamara ta shiga sahun kayan aikin mai nazarin Hausa kamar yadda rakoda ta shiga a shekarun baya. Da ita ake ɗaukar hoton rubuce-rubucen ajami da ke hannun malamai da cibiyoyin tarihi, da ita ake taskace sana'o'i da bukukuwa, da ita kuma ake shirya finafinan da a yau suka zama fagen nazari mai zaman kansa. Sai dai idan aka zo sayen idon kyamara, wato jerin gilasan da haske ke ratsawa kafin ya zama hoto, wanda masu sana'ar ke kira lens, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne wanda ya fi girma da nauyi da tsada shi ya fi fitar da hoto. Hujjar ba ta wuce karin maganar nan ba: araha ba ta ado.

Wannan maƙala tana ganin rabin ra'ayin ne kawai ke da gaskiya. Yawan gilasai da girman jiki fansa ce da mai ƙira ke biya domin cim ma wata buƙata takamaimiya. Wanda aikinsa ya ƙunshi wannan buƙata ya ci riba. Wanda aikinsa bai ƙunshe ta ba ya sayi nauyi ne, wani lokaci ma da hoton da bai kai na ido mai araha ba. Tun da kuɗin tallafin bincike ba su da yawa, kuma wani littafin sau ɗaya mai shi zai yarda a ɗauki hotonsa, al'amarin ya wuce a bar wa ɗan kasuwa shi kaɗai.

Dalilin da Ya Sa Gilashi Ɗaya Bai Isa Ba

Tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske yana tafiya a miƙe, kuma yana karkata idan ya bar iska ya shiga ruwa ko gilashi. Wannan karkata ita ce tushen aikin idon kyamara. Gilashi mai tudu a tsakiya yana tattara hasken da ya taso daga ɗigo ɗaya na abin da ake kallo ya mayar da shi ɗigo ɗaya a kan farantin da ke karɓar hoto. Matsalar ita ce fuskar gilashi da ta fi sauƙin gogewa ita ce wadda ta yi kama da yankin ƙwallo, ita kuwa ba ta iya wannan tattarawa yadda ya kamata.

A tsakiyar shekarun 1850 wani masanin lissafi Bajamushe, Ludwig von Seidel, ya fayyace aibobi biyar da ke biyo bayan haka. Na farko, hasken da ya bi ta gefen gilashi yana haɗuwa kusa fiye da wanda ya bi ta tsakiya, sai hoto ya yi hazo. Na biyu, ɗigon da ke gefen hoto yana fitowa da jela kamar tauraruwa mai wutsiya. Na uku, a gefen hoto layukan da suka nufi tsakiya da waɗanda suka gitta su ba sa fitowa sarai a lokaci guda. Na huɗu, wurin da hoto ke fitowa sarai yana lanƙwashewa kamar ƙwarya, alhali farantin shimfiɗaɗɗe ne, saboda haka idan tsakiya ta fito sai kusurwoyi su dushe. Na biyar, miƙaƙƙen layi yana bankarewa kamar cikin tulu. Ban da waɗannan akwai aibobi biyu na launi, domin shuɗin haske ya fi jan haske karkata a cikin gilashi, sai a ga bakin abubuwa ya yi zane-zanen ja da shuɗi.

Maganin da aka samo shi ne a sa aibin wani gilashi ya kashe na wani. A shekarar 1758 John Dollond ya yi rajistar haɗa gilasai biyu masu bambancin yanayi domin rage aibin launi. Daga nan ne ƙa'idar ta kafu: kowane gilashin da aka ƙara yana ba mai ƙira ƙarin abubuwan da zai iya juyawa, wato lanƙwasar fuskokinsa biyu da kaurinsa da irin gilashin da tazararsa da maƙwabcinsa. Yawan gilasai, ke nan, yawan damar gyara ne. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: gyaran me, kuma domin wane aiki?

Abin da Tarihin Ƙira Ya Nuna

A shekarar 1840 Joseph Petzval ya lissafa wani ido mai gilasai huɗu a birnin Biyana, wanda ya rage tsawon zaman mai son hoto a gaban kyamara ƙwarai da gaske. Tsakiyar hotonsa tana da kaifi, gefe kuwa yana dushewa, amma hakan bai dami kowa ba domin fuskar mutum ake so. A 1893 Dennis Taylor ya fito da ido mai gilasai uku kacal a Ingila, wanda ya shahara da sunan Cooke, kuma waɗannan ukun suna da isassun abubuwan juyawa da za a rage aibobi bakwai ɗin gaba ɗaya matuƙar ba a buɗe kafar haske da yawa ba. A 1902 Paul Rudolph na kamfanin Zeiss a Jamus ya fito da Tessar mai gilasai huɗu, wanda aka yi ta kwaikwayonsa shekaru da dama.

Abin da ya hana masu ƙira na wancan zamani tara gilasai shi ne asarar haske. Duk inda haske ya bar iska ya shiga gilashi, ko ya bar gilashi ya fito iska, kusan kashi 4 cikin 100 yana komawa baya. Ido mai irin waɗannan fuskoki shida yana asarar fiye da kashi 20, mai fuskoki ashirin kuwa fiye da rabi. Hasken da ya koma bayan ma yana yawo a ciki ne yana wanke hoto kamar hazon hunturu. Shi ya sa Planar, wanda Rudolph ya ƙera a 1896 da gilasai shida da fuskoki takwas, ya daɗe bai samu karɓuwa ba. Shi ya sa kuma Ludwig Bertele, a cikin Sonnar na 1932, ya manne gilasai bakwai suka zama rukuni uku domin fuskokin su tsaya a shida. Sai da Alexander Smakula ya samar da dabarar shafa wa gilashi siririn shafe mai hana haske komawa a 1935, aka kuma zo da shafe mai hawa-hawa a farkon shekarun 1970, sannan ƙofar tara gilasai ta buɗe. Daga baya kwamfuta ta ɗauke wahalar lissafi, ta ƙara faɗaɗa ƙofar.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne gilasai uku zuwa shida sun isa su ba da hoto mai kaifi tun fiye da shekara ɗari da ta wuce. Abin da ya ƙaru tun daga lokacin shi ne yawan buƙatun da ake ɗora wa ido ɗaya.

Buƙatu Huɗu da Ke Kumbura Ido

Buƙata ta farko ita ce faɗin kafar haske. Lambar da ake rubutawa a jikin ido, kamar f/2 ko f/1.4, tana nuna rabon tsawon ido da faɗin kafarsa. Ido mai tsawon milimita 50 yana buƙatar kafa mai faɗin milimita 25 a f/2, da kusan 36 a f/1.4. Wannan ƙari yana ninka haske sau biyu, amma hazon aibi na farko yana ninkuwa kusan sau uku, don haka sai an ƙara gilasai domin kashe shi, kuma gilasan su kasance masu faɗi da kauri. Misalai a kasuwa suna nan. Canon yana da ido mai milimita 50 a f/1.8, gilasai 6, nauyinsa giram 160. Otus na Zeiss da ya fito a 2013, milimita 55 a f/1.4, yana da gilasai 12 da nauyin kusan kilo ɗaya. Noct na Nikon da ya fito a 2019, milimita 58 a f/0.95, yana da gilasai 17 da nauyin kilo biyu. Hasken da na ƙarshe ke shigarwa bai kai ninki huɗu na na farko ba, nauyinsa kuwa ya haura ninki goma sha biyu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Buƙata ta biyu ita ce zuƙowa, wato ido ɗaya ya ɗauki abu na kusa da faɗi, ya kuma jawo na nesa. Zoomar na 1959 shi ne na farko da aka yi wa ƙananan kyamarorin hoto masu fim na milimita 35. A irin wannan ido rukunonin gilasai suna matsawa gaba da baya, kuma dole gyaran aibobi ya tsaya daidai a kowane matsayi. Wannan tamkar a ce tela ya ɗinka riga ɗaya da za ta zauna wa yaro da babba ne. Ana iya yi, amma da yadi mai yawa da sassauci a wasu wurare. Shi ya sa ido mai zuƙowa ya saba bankare layi ta wani ɓangare a ƙaramin tsawonsa, ya lotsa shi ta ɗaya ɓangaren a babban tsawonsa.

Buƙata ta uku ta fito ne daga jikin kyamarar kanta. Kyamarori masu madubi a ciki suna tilasta a bar tazara tsakanin ido da faranti, milimita 44 a tsarin EF na Canon, 46.5 a tsarin F na Nikon. Idon da zai ɗauki fili mai faɗi yana son ya matso kusa fiye da haka. Pierre Angénieux na Faransa ya yaɗa mafita a 1950: a sa babban gilashi mai warwatsa haske a gaba domin a tura wurin tattarawa baya. Dabarar ta yi aiki, amma ta ƙara girma, ta kuma kawo bankarewar layi da sai an gyara da wasu gilasan. Kyamarori marasa madubi sun rage tazarar zuwa milimita 20 ko ƙasa da haka, sai dai kamfanoni sun kashe yawancin wannan sarari wajen ƙara faɗin kafa. Idon Canon na 2018 mai milimita 50 a f/1.2 yana da gilasai 15 da nauyin giram 950.

Buƙata ta huɗu ita ce ƙanƙantar ɗigogin faranti. A faranti mai faɗin milimita 36 da tsayin 24, idan ɗigogi miliyan 24 ne, kowane ɗigo yana da faɗin mikiron 6, wato kashi 6 cikin dubu na milimita. Idan suka kai miliyan 61, faɗin yana sauka ƙasa da mikiron 4. Aibin da fim ke ɓoyewa a da, yanzu ana ganinsa da zarar an faɗaɗa hoto a fuskar kwamfuta, kuma masu saye suna son kaifi tun daga tsakiya har kusurwa ko da kafa a buɗe take gaba ɗaya.

Akwai hanyar kauce wa girma, sai dai da tsada take zuwa. Leica ta fito da ido mai milimita 50 a f/2 a 2012, gilasai 8, nauyin kusan giram 300, wanda ake sa shi cikin mafiya kaifi. An cim ma haka ne da gilasai na musamman da fuskar da ba ta bi siffar ƙwallo ba da tsananin daidaito wajen haɗawa, kuma kuɗinsa ya ninka na idon Canon mai araha sau gommai. Ƙanƙanta da kaifi da faɗin kafa da araha ba sa taruwa a ido ɗaya. Mai ƙira yana zaɓar wasu ya saki wasu, haka ma ya kamata mai saye ya yi.

Inda Tazarar Ke Rufewa

Idan aka tsuke kafar haske zuwa f/5.6 ko f/8, ana amfani da tsakiyar gilasai ne kawai, inda aibobi suka fi ƙaranci. A nan tazarar da ke tsakanin ido mai gilasai 6 da mai 15 tana raguwa matuƙa. Bayan haka akwai iyakar da kuɗi ba sa ƙetarewa. Haske yana bazuwa idan ya ratsa ƙaramar kafa, kamar yadda George Airy ya lissafa a 1835. A f/8 ɗigon koren haske yana bazuwa zuwa kusan mikiron 11, a f/16 kuma ya haura 20, ko da wane kamfani ne ya ƙera idon. Ma'ana, a wuraren da mai ɗaukar hoton takarda ke aiki, dokar haske ce ke yanke hukunci fiye da yawan gilasai.

Aibobi biyu ne tsuke kafa ba ya magancewa: bankarewar layi da zanen launi na gefen hoto. Su kuwa maganinsu na asali shi ne daidaiton tsari, wato gilasan da ke gaban kafa su yi kama da na bayanta ta yadda aibin rabi ɗaya zai soke na ɗaya rabin. Wannan hikimar tsari ce da ba ta buƙatar gilasai masu yawa. Micro-Nikkor mai milimita 55 a f/2.8, wanda ya fito a 1979 domin ɗaukar abu daga kusa, gilasai 6 gare shi, kuma ya yi suna wajen kwafar takardu saboda shimfiɗar hotonsa da miƙewar layukansa.

Abin da Wannan Ke Nufi ga Mai Nazarin Hausa

A ɗauki rubutun ajami, irin wanda ke Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko cibiyar binciken kimiyyar ɗan'adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. A tsarin rubutun Magaribi da malamanmu suka gada, ɗigo ɗaya a ƙasa ne ke nuna fa, ɗigo ɗaya a sama ya nuna ƙaf. Wasalin e kuma ɗigo ne a ƙarƙashin baƙi. Sau da yawa baƙaƙe da baƙar tawada suke, wasulla da ja. Sharhi da gyare-gyare da fassarar kalmomi a gefen shafi ake rubuta su, da ƙananan haruffa. Wato wurin da ya fi muhimmanci ga mai tahƙiƙi shi ne wurin da ido ya fi rauni, kuma zanen launi na gefe yana iya gusar da jan wasali daga mazauninsa ko ya shafa wa baƙin ɗigo jan baki. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: ɗigo ɗaya da ya dushe yana iya sauya karatun baiti.

Abin da wannan aiki ke buƙata shi ne ido mai tsawo ɗaya da aka ƙera domin aikin kusa, a tsuke shi zuwa f/8, a ɗora kyamara a kan matsayi tabbatacce ta fuskanci shafi daidai, a haska shafin daga ɓangarori biyu. Shafi mai tsawon santimita 24 da ya cika faranti mai ɗigogi miliyan 24 zai samu ɗigo 25 a kowace milimita, abin da ya isa a ga jan alƙalami. Babban ido mai f/1.2 ba shi da abin da zai ƙara a nan, domin an gyara shi ne don abu mai tazara, kuma kafar da aka biya kuɗinta ba za a buɗe ta ba. Rarar kuɗin ta fi amfani a fitilu da matsayi da batura da ma'ajiyar bayanai biyu.

Ga mai nazarin al'ada ma akwai abin lura. Babbar kafa tana narkar da bayan hoto, salon da masu hoton biki da masu shirya fim ke so. Amma idan ana ɗaukar marini a Ƙofar Mata ko maƙeri a maƙerarsa, abin da ke bayansa shaida ce: kayan aiki da almajirai da tsarin zama. Hoton da ya narkar da su ya yi kyau, amma ya zubar da bayanai. Haka kuma ƙaton ido yana sauya halin mutanen da ake ɗauka, musamman a cikin gida, inda ƙaramar kyamara ke saurin fita daga hankalin jama'a. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ido mai miƙewa da komawa ke iya shaƙa, da wahalar samun mai gyara idan faɗuwa ta gusar da gilashi ɗaya daga cikin goma sha biyar.

Hujjar Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Masu goyon bayan manyan idanu suna da hujjoji da ya kamata a saurara. Wanda zai ɗauki hawan salla ba zai iya kutsawa tsakanin dawaki ba, dole ya nemi dogon ido mai zuƙowa, kuma nauyinsa halal ne. Wanda zai ɗauki tashe da dare ko dambe da almuru yana buƙatar kowane ɗigon haske. Tarihin fim ma ya tabbatar da haka: Stanley Kubrick ya yi amfani da idon Zeiss mai f/0.7 ya ɗauki wasu fitowa da hasken kyandir a fim ɗin Barry Lyndon na 1975, abin da ƙaramin ido ba zai iya ba a fim ɗin wancan zamani. Duk waɗannan misalai suna ƙarfafa matsayin wannan maƙala ne, domin a kowannensu akwai buƙata sananniya da girman ya biya.

Wata hujjar ta ɓangare na biyu take zuwa: tun da wayar hannu tana fitar da hoto mai kyau, me ya sa za a damu da duk wannan? Idon waya ƙarami ne, amma tsarinsa ba mai sauƙi ba ne. Yakan ƙunshi gilasan roba shida ko bakwai masu siffofi masu wuyar sha'ani, kuma ƙanƙantarsa ta samu ne daga ƙanƙantar farantinsa. Ragowar aikin manhaja ce ke yi: tana miƙe layi, tana goge hatsi-hatsi, tana ƙara kaifi. Ga hoton tunawa wannan alheri ne. Ga takardar tarihi kuwa akwai haɗari, domin manhajar da ke goge hatsi-hatsi ba ta san bambancin tabo da dusasshen wasali ba. Idan waya ce kaɗai ke hannu, a ɗauka, domin hoto mai rauni ya fi babu, amma a adana ɗanyen hoton da manhaja ba ta taɓa ba idan wayar tana ba da dama.

Kammalawa

Shawarar wannan maƙala ga sassan Hausa da cibiyoyin bincike ita ce a rubuta aikin kafin a rubuta sunan kaya. Me za a ɗauka, daga wace tazara, a wane haske, kuma wa zai ɗauki kayan a kafaɗarsa? Kafin a biya kuɗi, a gwada idon a kan shafin jarida da aka shimfiɗa, a faɗaɗa kusurwoyi huɗu a kwamfuta, a duba ko ƙananan haruffa sun fito kuma layuka sun miƙe. Ya kamata kuma a riƙa rubuta sunan kyamara da ido da lambar kafa a cikin bayanan kowane tarin hotuna, kamar yadda ake rubuta sunan mai ba da bayani da ranar hira, domin wanda zai karanta hoton bayan shekara talatin ya san ko dushewar da yake gani ta tawada ce ko ta gilashi. Darasi ɗaya ko biyu a kan haka a cikin kwas ɗin dabarun bincike zai wadatar, kuma zai ba ɗalibai damar daidaita kalmomin wannan fanni a Hausa tun daga aji.